Ranar da Na Kunna wa Baba Sale Hayaniya

Ku da ake turo mana daga makaranta kowace shekara, kada ku ɗauka ban san abin da kuke faɗa ba idan na ba ku baya. Wai aikin Sista Laraba ai hutu ne: ta zaunar da mutum, ta ɗora masa lasifika a kunne, ta danna maɓalli, na'ura ta yi "tii", shi kuma ya ɗaga hannu. Jiya ma wancan mai dogon wuyan, kai fa nake nufi, daina sunkuyar da kai, ya tambaye ni ko zai iya gama koyo kafin ƙarshen wata. To ku jawo benci. Labarin mutum ɗaya zan ba ku, in na gama sai ku yi wa kanku hisabi.

Baba Sale sunansa. Injin niƙa gare shi a unguwar Liman Abaji, tun ina 'yar firamare nake kai masa masarar gidanmu a ka. 'Yarsa Hajara ce ta kawo shi nan wata safiya da damina. Ya shigo ya yi sallama, muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ya amsa komai daidai, har ya tuna mini ranar da na zubar da gari a kwata na zauna ina kuka. Na ce a raina, tsohon nan ai ya fi ni ji, me ya kawo shi? Sai Hajara ta ja ni gefe.

"Anti, ba don kunnen kaɗai muka zo ba," ta ce. "Kin san Baba Ayuba tela, na unguwar Yara?"

Wa bai san su ba? Tun suna samari suke tare, Sale Musulmi, Ayuba Kirista, in ka ga ɗaya da yamma to waiwaya ka ga ɗayan. Ayuba ne ya ɗinka wa Hajara kayan aurenta, Sale kuma shi ya shige gaba lokacin da aka je nema wa Bitrus ɗan Ayuba aure.

"Sun ɓata," in ji Hajara. "Matarsa Maman Bitrus ta yi jinya a garinsu, can Panda, Allah ya yi mata rasuwa. Baba Ayuba ya ce irin wannan labari ba a faɗa wa amini ta waya, sai ya shiga mota ya zo da kansa. Ya samu Baba a bakin inji, ya tsaya ya faɗa masa, ya ce gobe za a binne ta. Wai Baba ya juyo ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya ci gaba da niƙansa. Bai je ba, Anti. Sai bayan kwanaki ya ji a bakin wata mai kawo niƙa. Ya tashi ya je gaisuwa, Baba Ayuba ya ƙi fitowa."

"Shi Baban me ya ce?"

"Ya rantse bai ji ba, ya zaci sannu da aiki ya yi masa ya wuce. Baba Ayuba kuma ya ce ƙarya ne. Mutumin da yake jin kiran salla daga nesa, yake amsa waya, shi ne zai ce bai ji ba? Ga masu zuga sun samu abin yi. Wai dama an daɗe ba a ganin Baba a taronsu, ko suna ko aure, wai an hure masa kunne ne ya daina shiga sha'anin Kirista. Watanni ke nan ba sa magana, Baba duk ya rame. Don Allah ki duba shi, in akwai abin da za a nuna wa Baba Ayuba a nuna masa."

Na fara da abin da ake farawa da shi, wanda ku kuke son tsallakewa. Na ɗauki tocilar leƙa kunne na duba ciki, don sau da yawa abin da ake kira kurumta datti ne kawai ya toshe hanya, ko guntun auduga da ya maƙale tun bara. Nasa fes yake, sai ɗan garin masara a bakin rami. Na shigar da shi wancan ɗan ɗakin da muka liƙe bangonsa da soson katifa, na rufe ƙofa, na zauna ta wajen gilashi na yi masa gwajin "tii" ɗin naku. Sauti mai kauri yana jinsa kamar saurayi, matsakaici ma haka. Sai da na hau sirara, irin kukan ƙananan tsuntsaye, na ga hannunsa ya fara nawa, kunnuwan duka biyu. Haka inji yake yi wa mutum, ba ya cinye ji gaba ɗaya, ta sama yake gutsura. Amma in ka haɗa sakamakon, cewa yake tsohon nan yana ji, sai ɗan rauni kaɗan. Da a nan na tsaya na sallame su, da da hannuna na ba Baba Ayuba shaidar cewa amininsa maƙaryaci ne.

A shekaruna na farko kuwa nan muke tsayawa, don iyakar abin da muke da shi ke nan. Wanda ya koya mini aiki, marigayi Malam Dauda, kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: tocila, da wani ƙarfe mai reshe biyu da yake bugawa a gwiwa ya ɗora wa mutum a goshi ko a bayan kunne, sai raɗa. In zai gwada ka ya koma bayanka, ya fitar da numfashinsa duka, sannan ya yi raɗar da abin da ya rage, don kada wata ta fi wata ƙarfi. Na daɗe a hannunsa kafin ya bar ni na taɓa tsohuwar na'urarmu. Aikina goge lasifika da korar 'yan rakiya, don ɗan rakiya bala'i ne a wannan sana'a: ka tambayi tsoho sunansa, jikarsa ta amsa. Ranar da ya fara bari na danna maɓalli, wani direba ya ɗaga hannu a kan kowane sauti, har waɗanda ni kaina ba na ji. Na juyo ina washe baki. Malam Dauda ya ce, "Laraba, kafaɗarki tana magana. Duk sanda za ki danna sai ta motsa, shi kuma ita yake kallo." Kunya kamar in nutse. Tun daga ranar nake ɓoye hannu ƙarƙashin tebur.

Akwai kuma wasu mutane da suke damunsa. Su zo su ce, "Malam, ina ji amma ba na ganewa." Mu gwada su, na'ura ta ce lafiyarsu lau, su tafi suna waiwaye. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗakin nan namu shirunsa ya yi yawa. Wa yake rayuwa cikin shiru a Keffi? Ga janareta, ga babur, ga lasifikar masallaci, ga ta coci."

Amsar a cikin kwali ta zo mana. Asibitinmu ya samu na'ura ta hannu wadda aka yi amfani da ita a Koriya, rubutun jikinta ma ba mai iya karantawa, ga wani faifai a gefe cikin leda. Na sa shi don in ji ko waƙa ce. Sai muryar mace, tana magana a natse cikin yarensu, a bayanta kuma surutu ne kamar gidan biki. Muka yi ta dariya. Malam Dauda ya ce ai sun manta ne sun bar ƙofa a buɗe lokacin da suke ɗauka. Wani matashin likita da muke da shi a lokacin, mai son bin diddigi, ya tafi da faifan ya bincika, ya dawo ya ce mu daina dariya, da gangan aka yi. Ana sa mutum ya riƙa maimaita abin da matar ta faɗa, ana ƙara hayaniyar kaɗan-kaɗan har ya kasa. Inda ya kasa ɗin, shi ake aunawa. Malam Dauda ya jinjina kai ya ce, "Ashe su ma suna da kasuwa."

Sai dai faifan ba zai yi mana aiki ba. Komai lafiyar kunnenka, in ba ka jin yaren ba za ka maimaita ba. Dole mu yi namu. Muka haɗu, ni da likitan da wani mai ɗakin ɗaukar waƙoƙin coci a bayan tasha, muka samu wata malamar makaranta mai murya a daidaice ta karanta mana gajerun maganganu, irin su "Musa ya sayi goro," "Hauwa ta share tsakar gida."

Wata tsohuwa Bafulatana ce ta fara koya mana hankali. Tana maimaita komai tsaf, har cikin hayaniya, amma da an zo kan Musa da goronsa sai ta ja mayafi ta rufe baki. Na rage hayaniyar, shiru. Na kashe ta gaba ɗaya, shiru. Na ce wannan wane irin kunne ne mai zaɓe? Na leƙa waje na kira 'yarta, tana jin maganar ta kwashe da dariya. "Sista, sunan babanmu ne fa. Ko yanka ta za ki yi ba za ta faɗa ba." Kwana kaɗan wata ta maƙale a kan sunan ɗanta na fari. Muka cire sunaye kaf. Sai kuma ga manomi ɗan ƙabilar Eggon, ga Madam mai sayar da kayan gyaran mota, Hausarsu ta ciniki ce, in sun kasa maimaitawa ban sani ba ko kunne ne ko yare. Ƙarshe muka koma lambobi, uku-uku a jere, don duk wanda ya taɓa sayen tattasai a kasuwar garin nan ya iya ƙirga da Hausa.

Hayaniyar ma ta ba mu wuya. Ni na ɗauki rikoda na shiga kasuwa na ɗauko ta, ina jin kaina gwana. Ashe na tsaya kusa da inda mai kifi da maƙwabciyarta suke faɗa. Na sa wa wata mata a ɗakin gwaji, maimakon lambobi sai na ji ta ce, "Kai, ai Talatu ce wannan! Wa take zagi haka?" Mai ɗakin ɗauka ya zauna ya yi ta ɗora muryoyi a kan juna har ya zama ba kalma ɗaya da za ka tsinta, sai guguwar surutu kawai. Daga nan muka bi masu lafiyar kunne ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata da masu gadi da ɗalibai irinku, don mu san inda kunne mai kyau yake sarewa. In ba ka san wannan ba, da me za ka auna mara lafiya? Ba na cewa namu ya kai na mutanen Koriya, su sun yi nasu da dogon bincike. Amma namu yana jin Hausa, kuma Malam Dauda ya gan shi yana aiki kafin Allah ya ɗauke shi.

Shekarar da aka sa kowa rufe baki da hanci saboda annoba, ita ce shekarar da ba na son tunawa. Aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone na'urar, mai gyara yana nesa, hanya kuma a rufe. Sai ga mutane sun yi mana ca, don da yawa ashe da ido suke ji, leɓe suke karantawa ba su sani ba, da aka rufe bakuna sai duniya ta ɗauke musu. Ba ni da komai sai tocila da ƙarfen Malam Dauda da lambobin nan a wayata. Na san wannan ba awo ba ne na gaskiya, kuma ina faɗa musu haka, amma ba zan kore su ba. Tun da babu na'urar da zan kalla, sai na koma kallon fuska. A nan na gane wata ɗabi'a tamu. Babban mutum ba zai ce maka "me ka ce?" sau biyu sau uku ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya gyaɗa kai ya yi ɗan murmushi, kai kuma ka tafi ka ɗauka ya ji. Mai shayi ya yi mini, limami ya yi mini, wata shugabar makaranta ma ta yi mini. Daga baya aka gyara na'urar, ita ce wannan da kuke rainawa.

Shi ya sa da Hajara ta ce babanta ya gyaɗa kai ya yi murmushi, na tuna da wannan ɗabi'ar. Na koma wajen Baba Sale na juya masa kujera ya ba gilashi gefe, yadda ba zai ga bakina ba, na ce, "Baba, za ka ji mace tana faɗin lambobi. Abin da ka ji ka maimaita. In ba ka kama ba ka ce ba ka kama ba, nan ba wurin kunya ba ne." Babu hayaniya, bai faɗi ko ɗaya ba. Na sako ta kaɗan, ya fara kama biyu ya saki ɗaya. Na kai ta inda mai gadinmu, wanda sa'ansa ne, yake maimaitawa yana hamma. Baba Sale ya karkata kai, ya runtse ido, gumi ya keto masa a goshi. Ba ya kama komai.

Da ya fito na ba shi ruwa, na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa taro?"

Ya daɗe yana juya hularsa. "Sista, in na zauna cikin mutane ji nake kamar an kife mini tukunya a ka. A yi dariya in yi, ban san abin da aka faɗa ba. Ranar sunan jikan Ayuba aka tambaye ni wani abu a gaban jama'a, na yi ta kallonsu kamar wawa. Na ce gara in zauna gida."

"Ka faɗa wa Baba Ayuba?"

"In ce masa me? Na tsufa?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na kuma ji haushinsa. Hajara ta ce in rubuta mata sakamakon ta kai. Na ce mata wanda zuciyarsa ta yi irin wannan ciwo ba rubutu zai karanta ba, sai ya gani da idonsa. Na nemi izinin Baba Sale in yi magana da amininsa, ya ce in yi, in zai saurare ni.

Na samu Baba Ayuba a shagonsa yana taka keke. Na yi masa gaisuwar rashi, ya amsa da kyau, ya tura mini kujera. Ina ambaton Sale ya tsayar da ƙafa.

"'Yata, in shi ya aiko ki, sha ruwa ki koma."

"Baba, ba ya ji a cikin ƙara. Na gwada shi."

"Ba ya ji! Ni da bakina na faɗa masa, kamar yadda nake kusa da ke ɗin nan. Ya dubi tsakiyar idona ya yi mini murmushi." Ya ture yadin da yake ɗinkawa gefe. "Kin san abin da na yi a Panda? An gama addu'a, an zura ta, na ce a dakata kada a mayar da ƙasa. Na ce Sale yana hanya, ko mota ce ta ɓaci. Fasto yana kallona, dangi suna kallona, ni ina kallon titi. Matar da ta ciyar da shi shekara da shekaru! In an hana shi zuwa kabarin Kirista ne ya fito ya faɗa, ba ya ce mini bai ji ba."

Ban yi masa gardama ba, don wanda ya tsaya a bakin kabari yana jira ba a yi masa gardama. Na ce, "To Baba, ka zo ka kama shi. Aikina ke nan. Masu ƙaryar kurumta suna zuwa mini, wani don a sauya masa wurin aiki, wani don a tausaya masa, kuma ina gane su. In Baba Sale ƙarya yake, a gabanka zan faɗa masa, ba zan rufa masa asiri ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Za ki faɗa?"

"Wallahi zan faɗa."

Ya zo kuwa, cikin riga mai guga kamar zai je kotu. Ya tarar da Sale a benci, bai ko kalli inda yake ba. Sale ya miƙe zai gaishe shi, na ce a bari tukuna, na shigar da shi ɗaki na juya masa kujera kamar wancan karo. Baba Ayuba kuma na zaunar da shi kusa da ni ta wajen gilashi, na ɗora masa ɗaya lasifikar don ya ji duk abin da Sale yake ji.

Na fara babu hayaniya. Matar ta faɗa, Sale ya maimaita, bai kuskure ba. Ayuba ya yi tsaki. "Kin gani ko? Ga kurman naki."

"Yi haƙuri, Baba, ba mu je ko'ina ba."

Na sako hayaniya, ina ƙara ta a hankali. Na ga leɓen Ayuba yana motsi, yana bin lambobin ba wuya. Ta cikin gilashi kuwa Sale ya fara karkata kai. Ya kama ɗaya, ya yi canki a biyu, ya gyara, ya sake kuskurewa. Na raɗa wa Ayuba cewa mai ƙarya shiru yake yi ya naɗe hannu, ba ya wahalar da kansa haka. Sai ya matso da kujerarsa. Na ƙara hayaniyar har ta kusa ƙarar inji. Na tsayar da lambobin zan yi masa bayani, sai na ga ya miƙa hannu ya jawo makirfon da nake yi wa mara lafiya magana da shi.

"Wannan yana shiga kunnensa?"

Na ce yana shiga. Ban san abin da zai yi ba, da na sani ban san ko zan bar shi ba. Ya danna, ya sa bakinsa, ya yi magana da muryarsa ta kullum, ba ƙarfi ba raɗa.

"Sale. Maman Bitrus ta rasu. Gobe za a binne ta."

A cikin ɗaki Sale ya ji alamar an yi magana. Ya juyo wajen gilashi, ya dube mu, ya gyaɗa kai, ya yi murmushin nan. Sannan kamar ya tuna abin da na gaya masa, murmushin ya ɓace, ya ce, "Sista, yi haƙuri, wannan ban kama ba. A maimaita."

Baba Ayuba ya saki makirfon. Ya cire lasifikar ya ajiye a tebur a hankali, ya cire tabarau, ya rufe fuskarsa da tafin hannu. "Haka ya yi," ya ce. "Haka ya yi mini, Yesu na." Kafaɗunsa suna rawa. Ni ma hawaye nake, ba zan ɓoye muku ba.

Na kashe hayaniyar, na buɗe ƙofar ɗakin. Ayuba ya tashi ya shiga, ya zagaya ta gaban Sale, ya cire masa lasifikar da hannunsa. Ɗakin tsit, ko numfashinsu ina ji.

"Me aka ce ne?" in ji Sale, yana kallonsa a tsorace.

"Cewa na yi Maman Bitrus ta rasu."

Sale ya san da haka tun watanni, amma ranar ya ji daga bakin amininsa. Ya yi salati, ya zame daga kujera ya durƙusa, ya kama hannun Ayuba da hannu biyu. "Ayuba, ya haƙuri? Ya haƙurinmu? Allah ya ba ka dangana, Allah ya raya abin da ta bari. Wallahi da na ji, ko da rarrafe ne da na je."

"Amin," in ji Ayuba. "Amin. Na sani yanzu. Tashi, kada ka ɓata wandonka."

Na bar su suka ɗan natsa, sannan na koma aikina na Sista. Na ce abin da inji ya ci ba ya dawowa, amma za a kare sauran: zan ba shi abin toshe kunne ya riƙa sawa a wurin aiki, ya dawo mu gwada masa na'urar ƙara ji, kuma duk mai magana da shi ya zo ta gabansa, in maganar mai nauyi ce a kashe inji tukuna. Na ce shi kuma ya daina gyaɗa wa mutane kai. Ayuba yana sauraro yana cewa "to, to," kamar shi ne mara lafiyar.

Suna fita baranda, Ayuba ya sha gabansa, ya dafa kafaɗarsa, ya buɗe murya har masu jiran likita suka waiwayo.

"Wuce mu je gida! Bitrus da ƙannensa suna nan, ba ka yi musu gaisuwa ba!"

Sale ya ja baya yana laluben takalminsa.

"Haba Ayuba, ba sai ka tara mini jama'a ba. Ai nan babu inji."